Jan-Baki na Dutsin Ruma

Shafi na 19

Assalamu alaikum masu bibiya. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban fito da Inna Tasalla yau ba, za ta fice daga zauren nan. Ki zauna, ga ta nan na kawo.

Wanda ya shigo yau, ga inda muka tsaya. Shekarar 1946 ce. Malam Armaya'u, malamin elimantare a Batsari, yana son Zuwairatu 'yar Runka. Baffansa Malam Hashimu, wanda ya rene shi a Katsina, shi ne ya rubuta littafin Jan-Baki, mayen nan mai shan jini da ake karantawa a kowace makaranta. Ya aiko masa da wasiƙa cewa ba zai nema masa auren jikar maye ba, don kowa ya san Jan-Baki kakan Zuwairatu ne. Shi ne Armaya'u ya hau keke ya nufi Runka, wurin kakarta Inna Tasalla.

*

Tun azahar ake yayyafi, irin mai laushin nan da ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Armaya'u ya jingine keke a zaure, tayoyin duk laka, ya yi sallama.

Zuwairatu ce ta amsa. Ba ta ɗago ta dube shi ba, ta dai yi gaba ya bi ta har ɗakin tsohuwa.

Inna Tasalla tana zaune bakin ƙofa inda haske yake, tana kaɗi. Mazari yana juyawa a kan 'yar fata, zaren yana fita daga audugar siriri kamar hayaƙi.

"Ina wuni, Inna?"

"Lafiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen Batsari? Ya yaran makaranta?"

"Duk lafiya lau."

"Madalla. Zamna."

Ya zauna a gefen tabarma. Zuwairatu ta aje masa ruwa a ƙwarya, ta koma can ƙuryar ɗaki ta jingina da gado.

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya zaro littafin daga aljihu, a naɗe cikin tsumma saboda ruwa.

Mazarin ya tsaya.

"Wanga shi ne?"

"Shi ne, Inna."

"Miƙo."

Ta juya shi gaba da baya, ta shinshina, ta auna nauyinsa a tafin hannu.

"Ashe ɗan ƙanƙane ne. Ni na ɗauka zai kai allo girma." Ta mayar masa. "Shekara goma ina jin shi a bakin yara, ban taɓa jin shi daga tushe ba. Karanta mini."

"Inna, ba daɗin ji."

"Na sani. Karanta."

Ya buɗe inda takardar ta fi laushi saboda yawan buɗewa. Muryar da yake karanta wa aji da ita ta ƙi fitowa, sai wata ƙarama.

"Idan rana ta yi ja ta sunkuya bayan dutse, sai jemagu su fito daga kogo, a bayansu kuma Jan-Baki. Dogo ne, ba shi da inuwa. Duk gidan da ya shiga sai ya durƙusa a kan mai barci, ya kafa baki a ƙeyarsa, ya sha har ya ƙoshi. Da safe a ga tabo, kafin azahar a ɗauki gawa. An kashe shi, ya tashi. An sake kashe shi, ya sake tashi."

Idon tsohuwa a rufe yake. Ruwa yana ɗiga daga bakin ciyawar rufi, ɗaya bayan ɗaya.

"Bai faɗi wushirya ba?"

"Na'am?"

"Wushirya gare shi. In ya yi dariya har harshensa kana hangowa. Baffanka bai sa ba?"

"Bai sa ba."

"To ya rage abu."

Ta aje mazarin a taskira, ta goge allin da ke yatsunta a zane.

"Mi kake son sani, Malam?"

"Gaskiya, Inna. Ko wace iri ce."

"Dogo dai dogo ne, wannan bai yi ƙarya ba. Sunansa Barau." Ta faɗi sunan a hankali, kamar mai ɗaga abin da ya daɗe a binne, don matan zamaninta ba sa kiran sunan miji. "Daga yau ba za ka ƙara ji a bakina ba. Wanzam nake ce masa. Wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Duk Ruma, garinmu na asali, ba yaron da ba askarsa ta yi wa askin suna ba."

Ta dubi tsakar gida, amma ba tsakar gidan take gani ba.

"Kogon nan kuwa ya riga shi suna. Tun ina yarinya kakata ke ba mu labarinsa. Wai zamanin yaƙi, da mahara suka zo daga arewa, an harbi wani barde ya ja jiki ya shige ciki. Kwana uku yana kiran ruwa, tsoro ya hana kowa hawa. Da ya mutu aka ce ƙasa ba ta ci shi ba, yana nan kwance da ƙishirwarsa. In yaro ya rame sai a ce barden ne ke tsotsonsa. Mu duk da wannan aka tsorata mu. Ba mu san wata rana za a cire barde a sa namu ba."

"Ya aka yi?"

"Marisuwa ta zo."

Armaya'u ya san sunan. Murar nan ce da ta share duniya shekara ashirin da takwas da suka wuce, ita ta ɗauke kakanninsa biyu a mako guda.

"Ana cikin kaka ta shigo mana. Malam, ban taɓa ganin gari ya yi shiru irin haka ba. Dawa ta nuna a gona ba mai yanka, tsuntsaye suna ci har su kasa tashi. Awaki suna shiga masallaci su kwanta. Sai ka wuni ba ka ji ƙarar turmi ba. Hayaƙi in ya tashi daga wani gida sai mu tsaya muna kallo, mu ce to, can akwai mai sauran ƙarfi.

"Boka ya gudu. Masu ganye suka rufe ƙofa. Shi kaɗai ya rataya zabira yana bin gida gida. Abin da ya sani ke nan, ƙaho. In kai ya ɗau zafi, ya tsaga ƙeya, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Wani ya tashi, wani bai tashi ba. Waɗanda ba su tashi ba sun fi yawa."

"Jinin fa? Na bakinsa?"

Ta ɗan murmusa.

"Mutum ya wuni yana zuƙar ƙaho gida ashirin, ga goro ba ya rabuwa da shi don kada barci ya kada shi. Wane launi kake so bakinsa shi yi?"

Zuwairatu ta gyara zama a ƙurya. Ita ma ba ta taɓa jin wannan ba.

"Ranar da ya fara shiga gidajen ya ce mini, Tasalla, ba zan ƙara kwana nan ba, kada in kwaso in kawo maku. Lokacin uwar yarinyar nan tana 'yar shekara goma, ita kaɗai Allah ya bar mana. Ya ɗauki buzu ya hau kogo. Na ce, kogon barde? Ya yi dariya ya ce ai barde ya daɗe yana neman abokin hira.

"Kullum in rana ta yi sanyi sai in dama kunu in kai gindin dutse in aje. In koma baya, nesa. Shi kuma shi fito shi zauna a kan wani falale. Ba ma jin juna sai an ɗaga murya, sai muka daina magana. Shi ɗaga hannu, in ɗaga, yarinya ta ɗaga. Rana tana bayansa, duk jikinsa shi yi ja, jemagu suna fita ta saman kansa kamar an zazzage buhu. Wallahi Malam, ban taɓa ganinsa da kyau irin na kwanakin nan ba. Har yau in na rufe ido can nake ganinsa."

Ta tattara audugar da ke cinyarta.

"Sai ga wani saurayi daga birni."

Armaya'u ya ɗago kai.

"An turo shi da alƙalami shi rubuta wa Bature sunayen waɗanda suka mutu. Siriri, da farar riga, ko gemu bai tsayar ba. Kwana biyu ya yi yana rubutu, a na uku ya faɗo daga kan doki a bakin rijiya. Mutane suka kewaye shi suka wuce. Baƙo ne, ba mai shi. Wanzam ya saɓe shi a kafaɗa ya hau da shi kogo."

"Inna…"

"Hashimu sunansa."

Littafin ya zame daga gwiwarsa ya faɗi a tabarma.

"Baffa bai taɓa cewa ya zo Ruma ba. Cewa ya yi a bakin fatake ya ji labarin."

"Kwana bakwai ya yi a ciki. Na ƙara kunu ya zama ƙwarya biyu. Daga gindin dutse nake jiyo ihunsa, yana cewa ga shi nan, ga shi nan ya cika kogo, kansa ya taɓa sama. Zazzaɓi ne. Mutum yana kwance cikin duhu, jemagu a kansa, ga wani dogo yana shigowa da almuru baki ja, shi kife shi, shi tsaga masa ƙeya. Mi zai gani? Inuwa kuwa, wa ke da inuwa a cikin kogo?" Ta juyo ta dube shi sosai. "Kai da ya rena, ka taɓa ganin ƙeyarsa?"



Armaya'u ya taɓa gani, sau ɗaya. Yana yaro ya shiga ɗaki ba sallama, ya tarar da Baffa ya warware rawani. Zagaye uku ne a jere ƙasan gashi, kowanne da 'yan tsage a ciki. Ranar ce kaɗai Baffa ya taɓa marinsa.

"Uku ne," ya faɗa da ƙyar.

"Uku ne. A na ukun zazzaɓin ya sauka."

Yayyafin ya ɗan ƙaru. Wata kaza ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa tana karkaɗe jiki.

"To ina maitar ta shigo?"

"Ɗan mai unguwa ya mutu, kwana ɗaya bayan an yi masa ƙaho. Dama ana ta ƙus-ƙus. Mi ya sa kowa ke kwanciya shi ba ya kwanciya? Mi ya sa ya bar ɗakin matarsa ya koma wurin barde? Aka tara waɗanda ke iya tsayuwa a ƙofar mai unguwa. Aka ce ai ga malamin birni, mai ilimi, ya yi kwana bakwai a wurinsa, shi zai raba gardama. Aka riƙo shi mutum biyu, ƙafarsa ba ta ɗaukarsa.

"Mai unguwa ya ce, Malam, tsakaninka da Allah, mi ka gani?

"Ina tsaye bayan darni ina leƙe. Wanzam ma murmushi yake yi, don ya san yaron da ya yi jinya ne.

"Yaron ya ɗago ido, idon kamar na wanda bai gama farkawa ba. Ya ce, na ga ya sha jinina."

Zuwairatu ta toshe baki da gefen mayafi.

"Kalma biyar. Na ƙirga su ya fi sau dubu."

"La ilaha illallahu," Armaya'u ya ce.

"Suka tuɓe wa Wanzam riga a gaban ɗiyarsa. Aka fito da marasa lafiya uku aka shimfiɗe, aka ce shi tsallake su, shi saki kurwarsu. Ya tsallake. Aka ba shi ruwa ya kurkure baki aka ɗura masu. Duk ya yi, bai ce uffan ba. Kafin la'asar biyu suka cika. Sai jifa da duwatsu.

"Bai gudu ba. Tafiya ya yi, irin tafiyarsa, ya nufi dajin Rugu, jini yana bin wuyansa. Da ya kai bakin gonaki ya juyo ya ɗaga hannu. Ban ɗaga ba, Malam. Tsoro ya hana ni. Yarinyar ce ta ɗaga."

Ta ɗauki mazarin, ta sake ajewa.

"Bayan wata guda wasu Fulani suka kawo zabirarsa da wandonsa a yage, suka ce sun tsinta inda kuraye ke sha. Liman ya ƙi yi masa salla. Ni na yi takabata ni kaɗai. Ban gama ba aka fara cewa an gan shi. Wata ta gan shi a kasuwar Safana yana tsaye ba ya sayen komai. Wani ya gan shi bakin rijiya a Karare. Duk dogon da ya gifta da yamma, shi ne. In sun ce ya mutu, gobe su ce ya tashi. Na kwashi yarinya muka dawo nan Runka wurin yayana."

"Amma ai an manta daga baya," Armaya'u ya ce, kamar mai roƙo.

"An manta. Mutane sun ji kunya, sun yi shiru. Yarinya ta girma, Sahabi mai jima ya aure ta, ta haifi wannan. Muna zaman lafiya. Sai littafi ya zo."

Ta nuna shi da haɓa, yana nan yashe a tabarma.

"Ɗan makaranta ɗaya ya dawo hutu da shi. Ranar kasuwa ya zauna gindin tsamiya yana karantawa da ƙarfi, mutane suka taru har masu nama suka bar tukuba. Ba a sa sunan Wanzam ba, amma an sa Ruma, an sa kogo, an sa shekara. Kafin sati tsofaffi suka tuna. Aka ce ai abin da aka buga a takarda ba ya zama ƙarya. Sahabi ya saki Saude." Wannan ne karon farko da ta kira sunan ɗiyarta. "Mata suka daina karɓar wuta a gidanmu. In ta je rijiya sai a rufe fuskar jarirai. Ba ta yi wani ciwo ba. Daina cin abinci ta yi, kaɗan kaɗan, damina ba ta zagayo ba muka kai ta."

Armaya'u ya sunkuyar da kai. Shi da bakinsa ya karanta wa yara littafin nan ya fi sau talatin. Har muryar Jan-Baki yake kwaikwaya, yara suna ihu suna dariya.

"Malam."

Zuwairatu ce. Tunda ya shigo sai yanzu ta yi magana.

"Ranar nan a bakin rafi ka ce za ka aure ni ko Baffanka bai yarda ba."

"Na faɗa, kuma ina kan bakana."

"Ban tambaye ka wannan ba. Ranar Litinin in ka shiga aji, mi za ka karanta masu?"

"Zuwaira, littafin hukuma ne, in mai duba makarantu ya zo…"

"Shekarata takwas aka fara kirana nauri, jinin maye. Wai ina ganin hanjin mutane. Ni ko abin da ke cikin tukunya ba na gani sai na buɗe." Muryarta ba ta tashi ba, hawaye ne kawai ke sauka. "Ba zan zauna a ɗakin da ake ciyar da ni da wanga littafi ba. Ka zaɓa."

Bai kai ga amsawa ba suka ji takun doki a waje, a hankali, kamar ana jan sa. Takun ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama.

Armaya'u ya miƙe zumbur. Ya san muryar.

Inna Tasalla ba ta motsa ba.

"Muryar ta yi kauri," ta ce, "amma ita ce. Shigo, Hashimu."

Malam Hashimu ya sunkuyo ta ƙofar zaure. Rawaninsa ya jiƙe ya lafe, rigarsa laka har gwiwa, alamar da ƙafa ya yi tafiyar. Bai dubi ɗan ɗan'uwansa ba. Ya zo tsakiyar gida cikin yayyafi ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

"Ba ni amsawa. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Baffa," Armaya'u ya ce, "gaskiya ne? Shi ya yi jinyarka?"

"Gaskiya ne."

"Ka sani ka rubuta?"

Malam Hashimu ya share ruwa daga fuska.

"Abin da na faɗa a ƙofar mai unguwa, wallahi a lokacin shi na gani. Ya fi mini wannan ranar da muke ciki haske. Na koma Katsina, na warke, na yi aure, abin bai bar ni ba. Ko gyangyaɗin rana na yi sai in gan ni a kogo, yana shigowa, jemagu suna zuba ta bayansa. Da aka ce ana neman labarai na Hausa don makarantu, na ce bari in juye shi a takarda ko ya fita daga kaina."

"Ya fita?" tsohuwa ta tambaya.

"Bai fita ba."

"Yaushe ka gane ƙaho ne?"

Malam Hashimu ya dubi ƙasa.

"Hashimu, yaushe?"

"Tun kafin in rubuta." Kansa ya ƙara yin ƙasa. "Wani wanzami a Katsina ya ga ƙeyata ya ce, wanda ya yi maka wannan gwani ne, shi ya cece ka. Na sani tun ranar. Amma in na yarda da haka, to na kashe wanda ya raya ni. Sai na zaɓi mayen. Na hana yaron nan aure don kada in haɗa ido da ku."

"To ga idon. Ka haɗa. Tashi ka tafi."

"Ban gama ba, Inna."

Wani abu a muryarsa ya sa Zuwairatu ta taso daga ƙurya ta tsaya bayan kakarta.

"Alhamis ɗin da ta wuce, bayan na riga na aika wa yaron nan wasiƙa, wani Buzu mai raƙuma ya tsaya a ƙofar gidana. Ya ce ga wani makaho ya roƙe shi ya kawo shi gidan mai littafi. A kasuwar Jibiya ya ji ana karantawa, ya zauna ya saurara har ƙarshe, ya ce a kai shi wurin wanda ya rubuta.

"Na fito. Tsoho ne, ya ranƙwafa, amma ko a haka ya fi ni tsawo. Ya ce in matso. Ya sa hannu ƙarƙashin rawanina ya shafa, ɗaya, biyu, uku. Ya ce, hannuna ne wannan. Ashe ka rayu, yaro. Alhamdu lillahi."

Malam Hashimu ya ci gaba.

"Kuraye ba su ci shi ba. Zabirar da wandon shi ya yar da su, don a ce ya mutu a ƙyale ku. Ya tsallaka ƙasar Faransa, ya zauna wajen Tasawa yana aski da wani suna, har idonsa ya tafi."

"Ƙarya kake," Inna Tasalla ta ce, amma a hankali ta faɗa, kamar mai magana cikin barci.

"Ni na jawo dokin tun daga Katsina. Ya ƙi shigowa. Yana zaure."

Yayyafin ya tsaya cak. Rana ta ɓullo ta ƙarƙashin gajimare, ja, ta shiga ta ƙofar zaure ta shimfiɗo wata doguwar inuwa har tsakar gida. Inuwar ta motsa. Aka ji sanda ta taɓa ƙasa sau biyu.

Muryar da ta fito ta tsufa, tana karkarwa, amma a natse take.

"Tasalla."

Tsohuwa ta dafa bango ta miƙe. Audugar da ke cinyarta ta zube a laka ba ta sani ba.

"Tasalla, ni ne. Ban zo da komai ba. In kin ba ni izini in shigo, in kin ce in koma in koma." Ya ɗan tsagaita. "Ina Saude? A ce mata ta zo in ji muryarta."

Zuwairatu ta fashe da kuka.

Inna Tasalla ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, har ta fito tsakar gida. Armaya'u ya ga hannunta na dama ya fara tashi sama a hankali. Sai hannun ya tsaya a rabi.

"Shekara ashirin da takwas," ta ce, ba da kowa take ba. "Kullum sai na yi wa mamaci addu'a. Ashe yana can yana aski. Ko fatake bai ba saƙo ba. Yarinyar ta mutu tana cewa da Baba na da rai da ya zo."

Sandar ta faɗi a zaure.

Tsohuwa ta juya, ta koma ciki, ta zauna inda ta tashi.

"Zuwaira."

"Na'am, Inna."

"Rufe mini ƙofar nan."